Idan Wuta Ta Ɗauke Ba Ta Dawo Ba: Wane Littafin Rugujewar Duniya Ya Cancanci Kuɗinka?

Akwai wani rukunin ƙagaggun labarai da ke ɗaukar zaren labari bayan komai ya riga ya lalace. Annoba ta share jama'a, ko bam ya tashi, ko lantarki ya ɗauke a duniya baki ɗaya, sai marubuci ya bi 'yan tsirarun da suka rage ya ga abin da za su ci, inda za su kwana, da wanda za su yi wa biyayya. Kada sunan ya ruɗi mai saye, ba labarin tashin alƙiyama ba ne. Rana tana fitowa, damina tana zuwa. Abin da ya mutu shi ne famfo da asibiti da kasuwa da hukuma. Irin wannan hasashe ba baƙo ba ne a adabin Hausa, tun 1969 Umaru Dembo ya kai mai karatu sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya, amma littattafan da ke cikin wannan bita da Turanci aka rubuta yawancinsu, ɗaya da Larabci, ɗaya da Faransanci. Kusan duk daga waje ake shigo da su, kuma wanda ya leƙa kantin littattafai a 'yan shekarun nan ya san ba abin da za a saya da ka ba ne.

Ma'aunin da muka ɗora su a kai guda ɗaya ne: marubucin ya yi lissafi, ko ya dogara da cewa mai karatu bai taɓa ɗaukar jarka ba? Ƙa'idar Sphere, wadda ƙungiyoyin agaji ke aiki da ita a sansanonin 'yan gudun hijira, ta sa lita 15 a rana ga mutum ɗaya, sha da girki da tsafta. Jarka mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne. Ko sha kaɗai za a yi, mutum biyar a kan hanya suna buƙatar kusan lita 15 kullum, kuma wani ne zai ɗauka. Fetur ma ba ya zama har abada, yana lalacewa a tanki. To duk littafin da jarumansa ke yawo da mota shekara goma bayan an daina tace mai, ko suke tafiyar sati uku ba wanda ya ambaci rijiya, ya faɗi tun daga nan. Mai karatun da ya san layin burtsatse da farashin 'yan garuwa yana kama wannan ƙarya da wuri fiye da wanda aka rubuta littafin dominsa.

Wanda ya fi cin wannan jarrabawa shi ne Parable of the Sower na Octavia Butler, wanda ya fito a 1993. Idan kuɗin littafi ɗaya ke aljihunka, shi za ka saya. An tsara shi a matsayin kundin da wata yarinya, Lauren Olamina, ke rubuta abin da ya faru kullum, kuma shafin farko yana ɗauke da 20 ga Yuli 2024, lokacin tana cika shekara 15. Babu bam, babu annoba. Abubuwa ne suka yi ta zagwanyewa a hankali: fari, rashin aikin yi, ruwa ya fi fetur tsada, 'yan sanda sai an biya kafin su zo, 'yan kwana-kwana ma haka. Unguwarsu a wani gari da marubuciyar ta ƙirƙira kusa da Los Angeles gidaje 11 ne da aka zagaye da katanga. Mazauna suna sintirin dare bi da bi, ana kuma fita da matasa bayan gari a koya musu harbi. Kowa a unguwar yana jiran abubuwa su gyaru, ita kaɗai ta yarda katangar za ta faɗi.

Dubi ƙunshin da ta haɗa ta ɓoye tun kafin ranar ta zo. Ƙaramin gatari, tukwane biyu marasa nauyi, gorar ruwa, ashana, allura da zare, sabulu, kayan sawa da takalmi, gishiri, busassun 'ya'yan itace, igiyar shanya, littafin rubutu, sai irin shuka mai yawa. Duk ta zuba a rigar matashin kai biyu, ɗaya a cikin ɗaya don kada ta yage, ta naɗe da bargo. Irin shukar nan shi ya nuna Butler ta zauna ta yi tunanin abin da zai biyo bayan gudu. Da unguwar ta ƙone a 2027, Lauren ta yi shigar maza ta bi babbar hanya zuwa arewa a ƙafa cikin dubban mutane. A nan littafin ya kawo wata magana da duk wanda ya taɓa tafiya a hanyar da ba tsaro zai gane: wurin sayar da ruwa ya fi ko'ina haɗari, domin mai shiga yana da kuɗi, mai fita yana da ruwa, kuma ɓarawo yana son duka biyun.

Yana da nasa aibin. Lauren tana da wata lalura da ta samu saboda ƙwayar da mahaifiyarta ta sha tana da cikinta, wadda ke sa ta ji zafin duk wanda ta gani yana shan wahala. Dabara ce mai kyau, tunda idan ta harbi mutum ita ma sai ta faɗi, amma wani lokaci lalurar tana zuwa ne daidai inda labarin ke buƙatarta. Na biyu, kuma wannan ya kamata mai saye ya sani tun da wuri, yarinyar tana ƙirƙirar akida tata ta kanta da ta kira Earthseed, kowane babi yana buɗewa da 'yan baitocinta, kuma abin da take faɗa game da Ubangiji ya saɓa wa Musulunci da Kiristanci duka. Tunanin jarumar labari ne, 'yar limamin coci da ta bar hanyar mahaifinta, amma ba littafin da za a miƙa wa ɗan ƙaramar sakandare ba tare da babba a kusa ba. Na uku, soyayyarta da likita Bankole, ita tana da shekara 18 shi yana da 57, ta dami masu karatu da yawa. Sunayen Olamina da Bankole na Yarbawa ne, iyayen baƙaƙen fatar Amurka suka ɗauka don komawa ga asali. Turancinsa shi ne mafi sauƙi a duk waɗanda za mu ambata, wanda ya gama sakandare zai bi shi ba ƙamus. Labarin bai rufe ba, ci gabansa Parable of the Talents ya fito a 1998 ya ci kyautar Nebula, kuma ya fi na farko ɗaci. Butler ta rasu a 2006 ba ta kammala na uku ba. A kula wajen oda: akwai sigar zane ta 2020 da Damian Duffy da John Jennings suka yi, suna ɗaya, kuma hotunan bango a shafukan sayarwa sukan rikita mutum.

The Road na Cormac McCarthy, 2006, shi ya fi suna, ya ci kyautar Pulitzer a 2007, an yi fim ɗinsa a 2009. Uba da ɗansa, ba a faɗi sunansu ba, suna tafiya kudu zuwa bakin teku suna tura keken kaya irin na manyan kantuna, da ƙaramar bindiga mai harsashi biyu. Toka ta rufe komai, ba tsiro, ba tsuntsu. Ba a bayyana abin da ya faru ba, sai dai an ce agogo ya tsaya da ƙarfe 1:17, aka ga haske, aka ji rugugi, uban ya tashi ya buɗe famfo ya fara cika bahon wanka. Matarsa ta tambaye shi dalilin wanka a wannan lokaci, shi kuwa ba wanka zai yi ba. Wannan ɗan wuri ya isa ya gaya maka irin mutumin da za ka bi har ƙarshen littafin. McCarthy gwani ne wajen aikin hannu: yadda ake gyara tayar keke, yadda ake tsiyayar ragowar mai daga robobin da aka yar a gidan mai don a samu na fitila, yadda ake naɗe ƙafa da tsumma idan takalmi ya mutu.

Inda lissafinsa ya yi rauni shi ne babban hoto. An haifi yaron bayan masifar, ga shi ya girma yana tafiya yana gardama, ke nan shekaru sun shuɗe ba a girbe ko zangarniya ɗaya ba. Abincin gwangwani da cin naman mutane ba za su riƙe jama'a tsawon haka ba. Mai karatu ya karɓe shi a matsayin labarin uba da ɗa, a nan ba shi da na biyu. Gargaɗi biyu. Akwai wani gida mai ɗakin ƙarƙashin ƙasa da abin da ke cikinsa zai iya hana mai raunin zuciya barci. Sai kuma rubutun kansa: babu babi, babu alamar zancen wani, kuma kalmomi irin su dont da cant an rubuta su ba waƙafin sama. Mutane sukan ɗauka jabu aka sayar musu su mayar wa mai kanti. Haka marubucin ya rubuta shi. Jimlolin gajeru ne amma yana jefa tsofaffin kalmomin da ko Baturen ma sai ya duba ƙamus, don haka siga ta waya mai ƙamus a ciki ta fi dacewa da shi. Bai kai shafi 300 ba, ana gama shi a dare biyu. Shi ma yana da sigar zane, ta Manu Larcenet, 2024.

Station Eleven na Emily St. John Mandel, 'yar Kanada, ya fito a 2014 ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2015. Shi ne na wanda The Road zai yi wa nauyi. Wata mura, da aka sa wa sunan ƙasar Jojiya, ta kashe kusan kowa cikin makonni. Shekara 20 bayan haka wata tawagar makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo tana zagaya ƙauyukan gefen manyan tafkunan Amurka tana nuna wasannin Shakespeare. Ta yi lissafin fetur daidai: mai ya lalace cikin shekara biyu zuwa uku, don haka tawagar ta cire injin motocin a-kori-kura ta ɗaura musu dawaki. Akwai kuma wani filin jirgin sama da fasinjoji suka maƙale suka mai da shi gari, har wani ya buɗe gidan tarihi yana jera wayoyin hannu da katunan banki da fasfo don yaran da ba su taɓa ganin suna aiki ba. Murar ce ba ta zauna daidai ba. Cutar da ke kwantar da mutum cikin sa'o'i ta kashe shi a kwana ɗaya ko biyu ba ta ba shi lokacin yawo ya yaɗa ta, kuma abin da ya sa korona ta game duniya shi ne masu ɗauke da ita suna kasuwa da masallaci ba su san suna da ita ba. Mugun da ke cikin labarin ma, wani mai da'awar annabci, bai cika ba, an gina shi da yawa aka warware shi a gurguje. Labarin yana tsalle gaba da baya tsakanin mutum biyar ko shida, wanda ke karatu shafi goma yau, shafi goma jibi zai ɓace. Shirin talabijin na 2021 ya canza abubuwa da yawa, kallonsa ba ya maye karatun.

Yanzu ga waɗanda suka shigo gida. After the Flare na Deji Bryce Olukotun, 2017, a Kano aka kafa shi. Wata gagarumar guguwar wuta daga rana ta ƙone layukan lantarki da taurarin ɗan Adam, Amurka da Turai da yawancin Asiya suka shiga duhu, ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya suka tsira. Najeriya ta wayi gari ita kaɗai ke da shirin sararin samaniya mai aiki, ga kuma wata 'yar sama-jannati ta maƙale a tashar ƙasa da ƙasa da ke sama. Kwesi Bracket, injiniya Ba'amurke da ya yi aiki da NASA, ya zo tashar harba kumbo kusa da Kano yana gina katafaren tafkin da ake horar da 'yan sama-jannati a ciki, yayin da 'yan Boko Haram ke matsowa. Tushen kimiyyarsa ba tatsuniya ba ne. A 1859 irin wannan guguwa ta sa wayoyin tangaraho tartsatsi a Turai da Amurka, a watan Maris na 1989 wata ta jefa lardin Quebec na Kanada cikin duhu na kusan awa 9. Guguwar tana tura wuta cikin dogayen layuka ta dafa manyan taransifoma, kuma ta fi tsanani a ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewa da ta kudu. Juyin da marubucin ya yi, Ba'amurke yana neman aiki a Kano, yana da daɗi. Sai dai Kanon da ke ciki ta baƙo ce, marubucin ɗan asalin Najeriya ne da ya tashi a Amurka, kuma Bakano zai ji garin ya zama fagen wasa fiye da wurin da mutane ke zaune. A kashi na ƙarshe labarin ya bar kimiyya ya koma wasu duwatsu masu ƙarfin ban mamaki da matan Wodaɓe ke amfani da su, zaren ya yi yawa har wasu suka tsinke. Ci gaba ne na Nigerians in Space na 2014, amma ba sai ka karanta wancan ba. Ƙaramin kamfani ne ya buga shi, Unnamed Press, don haka samunsa a takarda sai an yi oda.

Nnedi Okorafor tana da uku da suka shafi wannan yanki. Noor, 2021, gajere ne, ya ɗan haura shafi 200. Wata mata mai gaɓoɓin ƙarfe ta kashe wasu maza da suka far mata a kasuwa a Abuja, ta gudu arewa, ta haɗu da wani Bafulatani makiyayi da shi ma ake nema. A can akwai guguwar yashi da ba ta lafawa, wani katafaren kamfani kuma yana tatsar lantarki daga iskarta yana sayar wa duniya. Abin da ya sa ya cancanci karatu shi ne yadda ya nuna wanda ke cin riba idan aka yi wa makiyaya duka kuɗin goro aka kira su 'yan ta'adda, da yadda ɗan guntun bidiyo ke yanke wa mutum hukunci kafin a ji ta bakinsa. Ƙarshensa gaggawa ce, kamar an ce mata takarda ta ƙare. Shadow Speaker a Nijar yake, labarin wata yarinya Musulma mai suna Ejii, kuma shi ne ya fi dacewa da matasa. Ya fara fitowa a 2007, aka sake shi da gyare-gyare a 2023, a nemi sabon domin shi ya dace da ci gabansa Like Thunder. Who Fears Death, 2010, wanda ya ci World Fantasy Award a 2011, shi ne mafi ƙarfi a cikinsu kuma mafi nauyi. A Sudan ta nan gaba yake, marubuciyar ta ce wani rahoton jarida na 2004 kan fyaɗe a Darfur ne ya tayar da shi. Akwai fyaɗe da kaciyar mata an bayyana su ƙarara. A dukkan ukun sihiri yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na'ura, wanda ke son kimiyya zalla ya sani.

Tsofaffin littattafai biyu sun ɗauki tambayar da sababbi suka fi tsallakewa, wato makomar ilimi. A Canticle for Leibowitz na Walter M. Miller Jr., wanda ya ci kyautar Hugo a 1961, kashi uku ne, tsakanin kowanne kusan shekara 600. Bayan yaƙin nukiliya jama'a sun huce haushinsu a kan masu ilimi, suka ƙone littattafai suka kashe masana. Wasu 'yan zuhudun Katolika a hamadar Amurka suka ɗauki aikin ɓoye ragowar takardu, da haddace su, da kwafe su da hannu, ba tare da sun san ma'anarsu ba. Akwai wani ɗan zuhudu da ya share shekara 15 yana ƙawata kwafin zanen wayoyin lantarki da ruwan zinariya, a zatonsa abu ne mai tsarki. Kafin shi ma an yi ta ɓarnar tawada ana cike takarda da duhu don a bar fararen layuka, domin haka asalin zanen injiniyoyin yake, har aka gane launin ba shi da wata ma'ana. Wanda ya san aikin marubutan da ke kwafe littafi da alƙalamin kara, ko ya ji yadda aka kwashe dubban rubuce-rubucen Timbuktu a ɓoye zuwa Bamako a 2012 da 2013, zai ji wannan littafi a jikinsa. Miller kansa yana cikin sojojin saman da suka yi ruwan bama-bamai a gidan zuhudun Monte Cassino na Italiya a 1944. Matsalarsa Latin, jimloli da addu'o'i an bar su ba fassara, kuma kashi na biyu yana jan ƙafa. Earth Abides na George R. Stewart, 1949, ya bi hanya ta dabam. Jarumin ya tsira daga annoba, ya tara 'yan mutane a gefen San Francisco, ya yi iya ƙoƙarinsa ya koya wa yara karatu, suka ƙi, tunda ba su ga amfaninsa ba. Abin da ya kama shi ne baka da kibiya, jikokinsa suna daka tsofaffin sulalla suna yin kan kibiya da su. Stewart ya bi yadda tururuwa da beraye suka yi yawa suka kuma ragu, da yadda famfo ya ci gaba da zuba sama da shekara 20 kafin bututu ya ruɓe. Ra'ayinsa kan mata da masu taɓin hankali na zamaninsa ne, zai sosa rai.

The Stand na Stephen King batun bugu ne kawai. Na 1978 shafi 823 ne, na 1990 da aka mayar wa abin da aka yanke ya kai 1,152, kuma shi ne ke kasuwa yanzu. Kashi ɗaya cikin uku na farko, yadda mura ta kuɓuce daga sansanin soja ta bi mutum zuwa mutum, babu kamarsa. Daga nan ya koma yaƙin mutanen kirki da wani shaiɗani, ƙarshen kuma bai biya wahalar hawa ba. Idan ka ga tsohon bugun a wurin masu gwanjon littattafai, ya wadatar.

Mai Larabci ya nemi Utopia na Ahmed Khaled Towfik, likita ɗan Tanta a Masar da ya rasu a 2018. Ya fito a 2008, labarin yana faruwa a 2023: attajirai sun killace kansu a wani gari a gaɓar tekun arewa, tsofaffin sojojin Amurka suna gadinsu, 'ya'yansu kuma don gundura suna fita farautar talakawa. Murya biyu ke ba da labarin bi da bi, mafarauci da abin farauta. Bai kai shafi 200 ba, Larabcinsa na jarida ne, wanda ya yi makarantar Islamiyya mai zurfi zai iya da shi, amma bakinsa ba linzami. Akwai fassarar Turanci ta Chip Rossetti, 2011. Mai Faransanci kuma, a Zinder ko Maraɗi ko Garwa, Ravage na René Barjavel yana nan a ƙaramin bugun Folio. An buga shi a 1943, labarin a 2052, lantarki ya ɓace rana ɗaya, jirage suka faɗo, Paris ta kama da wuta. Rabin farko yana gudu kamar ruwa. Ƙarshensa, inda jarumin ya zama uban gari ya haramta littattafai da ƙere-ƙere, da yadda ya zana baƙar fata, suna ɗauke da warin zamanin da aka rubuta shi a ciki, zamanin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ta haɗa kai da Jamus ta Hitler.

Wanda ba ya son kashe ko sisi ya fara da waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare, suna shafin intanet na Project Gutenberg kyauta, wasu kuma da murya a shafin LibriVox. The Scarlet Plague na Jack London, 1912, wani tsohon malamin jami'a ne a 2073 yana ba jikokinsa labarin annobar 2013, su kuma ko ƙirga manyan lambobi ba su iya ba, suna yi masa dariya. Zama ɗaya ake gama shi. The Last Man na Mary Shelley, 1826, yana cikin na farko a wannan fanni, amma annobar ba ta shigowa sai an yi nisa, Turancinsa kuma na da ne. A bar shi sai an saba.

Saura abin dubawa kafin a miƙa kuɗi. Bugu mai bangon takarda iri biyu ne. Ƙaramin, kusan santimita 11 da 18, takardarsa ta jarida ce, tana ja da wuri, gam ɗin bayansa kuma yana bushewa ya tsage da hunturu. Ga littafi mai shafi 300 ba laifi, ga The Stand kuwa zai rabe biyu kafin ka kai tsakiya, a nemi babban, ko a karanta a waya. A waya a zaɓi fayil irin na EPUB, domin yana daidaita rubutu da faɗin fuskar wayar, PDF kuwa hoton shafi ne, sai ka yi ta ja da yatsa har ido ya gaji. Mai son saurare ya yi lissafin data: a ingancin 64 kbps awa ɗaya tana cin kusan MB 29, The Road bai kai awa 7 ba, wato kusan MB 200, cikakken The Stand kuwa yana dab da awa 48, kusan GB 1.4. A shafukan sayarwa a duba sunan marubuci da yawan shafi, domin akwai 'yan littattafan taƙaitawa na ɗalibai masu ɗauke da suna iri ɗaya da manyan baƙaƙe, shafi 40 ko 60.

Jabu kuma ana gane shi da hannu. Rubutun yana yin toka-toka kamar na hoton kwafi, layuka suna karkata, gefen ciki yana cinye farkon kalmomi, lambar ISBN mai lamba 13 da ke bango wani lokaci ba ta dace da ta shafin ciki ba. Ana buga littafi ne ƙulli-ƙulli, shafi 16 ko 32 a kowane ƙulli, don haka idan abu zai ɓace ƙulli guda ne ke ɓacewa ko ya maimaitu. Ka riƙe littafin ka saki shafukan da babban yatsa kana kallon lambobi, tsallen 16 ko 32 zai fito fili. A The Road, da ba shi da babi, mutum zai iya wuce irin wannan rami bai sani ba, tunda kowane shafi toka ce da tafiya. Shi kam a buɗe bayansa tun a gaban mai kanti: sakin layi na ƙarshe gajere ne, yana magana a kan kifayen da suka taɓa rayuwa a ƙoramun duwatsu. Idan ba ka ga kifi ba, shafi ya faɗi.